Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɓoyayyun Matsalolin Na'urar Sanyaya Ɗaki

Na'urar sanyaya ɗaki, wadda galibinmu muke kira esi, ba kasafai take mutuwa farat ɗaya ba. Kafin ranar da za a danna rimot ta ƙi tashi, yawanci ta shafe makonni ko watanni tana nuna alamu, sai dai alamun ƙanana ne, kuma muddin iska tana fita babu wanda yake ɗaga kai ya duba. Amsoshin da ke tafe sun fi karkata ga esi mai kai biyu, wadda ake kafa kai ɗaya a bangon ɗaki, injin kuma a waje, ko da yake mafi yawansu sun shafi ta taga ma.

Ta yaya zan gane cewa sanyin esi ne ya ragu, ba zafin gari ne ya ƙaru ba?

Fatar jiki ba ta iya raba wannan gardama, musamman a watan Afrilu, lokacin da zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40. Abin da yake raba ta shi ne ƙaramin ma'aunin zafi. A rufe ƙofa da tagogi, a sa esi a kan sanyi mafi ƙarfi tare da fanka mafi sauri, a ba ta minti 15 zuwa 20, sannan a auna iskar da take shiga ta samanta, a kuma auna wadda take fitowa ta bakinta. Idan na'urar tana da lafiya, iskar da ke fitowa takan fi wadda ke shiga sanyi da kimanin digiri 8 zuwa 12. Idan bambancin bai wuce digiri 5 ko 6 ba, akwai matsala, ko da kuwa ɗakin yana da ɗan daɗin zama. Shawarata ita ce mutum ya yi wannan awo tun na'urar tana sabuwa ko bayan an wanke ta, ya rubuta a takarda ya ajiye, domin ya sami abin kwatantawa daga baya.

Kafin a zargi na'urar, a duba rimot. Alamar ƙanƙara ce take nufin sanyi. Alamar ɗigon ruwa tana nufin busar da iska, alamar fanka kuwa iska ce kawai ba tare da sanyi ba, kuma yara sukan sauya waɗannan ba tare da kowa ya lura ba.

Mai gyara ya ce gas ya ƙare. Shin gas yana ƙarewa kamar man janareta?

Ba ya ƙarewa, kuma wannan ita ce maganar da nake so kowane mai esi ya riƙe da kyau. Gas ɗin da ke cikin na'urar ba ƙonewa yake yi ba, zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu: ya kwaso zafin ɗaki, kwamfiresa, wato famfon gas da ke cikin injin waje, ta matse shi, ya zubar da zafin a waje, ya sake dawowa. Esi da aka kafa da kyau tana iya yin shekaru masu yawa ba a ƙara mata ko kaɗan ba. Saboda haka duk lokacin da gas ya ragu, akwai wata kafa da yake fita, kuma ƙara wani ba tare da toshe kafar ba daidai yake da zuba ruwa a randa mai tsaga.

Na san wannan ne ta hanyar asara. A wata bazara na biya kuɗin gas sau uku a kan esin ɗaki guda, kowane karo sanyi ya dawo na makonni kaɗan sannan ya dusashe. Mai gyaran da ya zo a karo na huɗu bai ko sauke tukunyar gas daga kan babur ɗinsa ba. Ya hau tsani, ya shafa yatsa a ƙarƙashin notin da ya haɗa bututu da injin waje, ya sauko ya nuna mini yatsan ya yi baƙi da maiƙo haɗe da ƙura. Sai ya nemi sabulun wanke kwanuka, ya kaɗa kumfa ya shafa a wurin, muka tsaya muna kallo, can sai ga ƙwayar kumfa tana kumbura a hankali, ta fashe, wata ta biyo baya. Bakin bututun ne aka buɗa shi a karkace tun ranar da aka kafa na'urar. Ya yanke wurin, ya sake buɗa bakin, ya ɗaure, ya zuƙe iskar ciki, sannan ya zuba gas, kuma tun daga ranar ban sake sayen gas saboda wannan esin ba.

Dalilin maiƙon shi ne man kwamfiresa yana tafiya tare da gas, don haka duk inda gas ya sami mafita, mai yakan bar tabo, ƙura kuma ta manne a kai. Wuraren da suka fi yoyo su ne notocin haɗi na ciki da na waje, da bakin bawul inda ake jona geji, wato ma'aunin matsin gas, da wurin da bututu ya lanƙwashe fiye da kima. Idan kumfa ba ta nuna komai ba, ƙwararren mai gyara yakan cika bututun da iskar naitirojin ya jira ya ga ko geji zai sauka. Kada a taɓa yarda a yi wannan gwaji da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da mai a ƙarƙashin matsi tana iya haddasa fashewa.

Illar ƙarancin gas ba ta tsaya ga raguwar sanyi ba. Gas ɗin da yake dawowa da sanyinsa shi ne yake sanyaya kwamfiresa, idan ya yi kaɗan sai ta dinga aiki cikin zafi har wayoyin cikinta su ƙone, kuma ita ce mafi tsada a duk na'urar.

Na ga ƙanƙara a jikin bututu. Ba alamar sanyi mai ƙarfi ba ce?

A'a, alamar ciwo ce. Bututu biyu ne suke haɗa kan ciki da injin waje, siriri da mai kauri. A na'ura mai lafiya mai kaurin yakan yi sanyi yana gumi kamar kwalbar da aka ciro daga firji, amma ba ya yin ƙanƙara. Idan siririn ne ya yi fari fat a bakin injin waje, galibi gas ne ya yi ƙasa. Idan mai kaurin ne ya daskare, ko kuma ƙanƙara ta rufe fallayen alminiyum da ke cikin kan ɗaki, waɗanda masu gyara suke kira kwayil, to abin da aka fi zargi shi ne iska ba ta wucewa sosai, ko dai raga ta toshe da ƙura, ko kwayil ya yi datti, ko fankar ciki ta rage gudu. A kashe sanyi a bar fanka kawai har ƙanƙarar ta narke, a wanke raga, a sake gwadawa. Kada a kankare ta da wuƙa ko sukuddireba, domin bututun da ke ƙarƙashi ba shi da kauri, huda shi abu ne mai sauƙi.

Me ya sa ruwa yake ɗiga a cikin ɗaki?

Esi tana tatsar danshin da ke cikin iska, ruwan ya taru a wani ɗan kwarami a ƙarƙashin kwayil, ya bi tiyo ya fita waje. Idan ya dawo cikin ɗaki, yawanci tiyon ne ya toshe da yauƙi da ƙura, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa a lokacin da ba a amfani da na'urar, ko kuma an kafa kan ɗakin a karkace ta yadda ruwan ba ya gangarowa wajen mafitarsa. Akwai kuma yoyon da ba a gani, wanda ruwa yake bin bayan na'urar ya shiga bango. Alamarsa ita ce fenti yana kumbura ko yana ɓarewa a ƙarƙashin esi, wani lokaci har da baƙin tabo a ɗakin da ke ɗaya gefen bangon.

Yawan ruwan da ke fita waje yana bin yanayi. A hunturu da farkon bazara iskar arewa a bushe take, ruwan da zai fito kaɗan ne, wannan ba matsala ba ce. Amma idan a tsakiyar damina, a watan Agusta, esi ta yi awa guda tana aiki tiyo bai ɗiga ba, to ko dai ba ta sanyi yadda ya kamata, ko ruwan yana tafiya wani wuri.

Waɗanne ƙararraki ne suke nuna haɗari?

Ɗan ƙas-ƙas na roba lokacin da na'ura ta fara sanyi, da ɗan sautin gudun ruwa a bututu, duk ba komai ba ne. Wanda ya kamata a kashe na'ura nan take saboda shi shi ne gurnanin da injin waje yake yi na 'yan daƙiƙoƙi, sai a ji ƙas ya yi shiru, bayan 'yan mintuna ya sake gwadawa. Kwamfiresa ce take ƙoƙarin tashi tana kasawa, kuma kowane yunƙuri yana gasa ta. Sau da yawa laifin kafasita ne, wani ɗan gwangwani mai sauƙin kuɗi wanda idan ya lalace samansa yakan kumbura, wani lokaci kuma wuta ce ta yi ƙasa. An sha cewa mutane kwamfiresarsu ta mutu alhali kafasita ce kawai, don haka a nemi mai gyara ya auna ta kafin a amince da hukunci mai tsada. Ƙarar gogar ƙarfe tana nuna boris ɗin fanka ya ci, karkarwa mai yawa kuwa takan fito daga sassautaccen noti, ko robar ƙafar injin da ta mutu, ko reshen fanka da ya tsage.

Yaya matsalar wutar lantarki take ɓata esi a ɓoye?

Wutar gida a Najeriya ya kamata ta kasance kusan bolt 230, amma duk wanda yake unguwar da taransifoma ɗaya take ɗauke da gidaje masu yawa ya san yadda take faɗuwa da daddare a lokacin zafi, daidai sa'ar da kowa ya kunna tasa na'urar. Idan wuta ta yi ƙasa, kwamfiresa takan ja amfiya, wato yawan wutar da ke bin waya, fiye da ƙa'ida don ta yi aikinta, ta yi zafi, rufin wayoyin cikinta ya dinga lalacewa kaɗan-kaɗan. Ba a ganin wannan daga waje, sai ranar da ta tsaya. Alamar da ake iya lura da ita ita ce ƙwan lantarki ya dusashe sosai kuma ya jima bai dawo ba duk lokacin da injin waje ya tashi. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace da na'urar, wadda take da jinkirin kunnawa, tana rage wannan haɗari sosai.

Jinkirin yana da muhimmanci saboda idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko aka juya daga NEPA zuwa janareta, matsin gas bai riga ya daidaita ba, kwamfiresa kuma za ta tashi ne da kaya a kanta. Yawancin na'urori masu rimot suna jiran kimanin minti 3 da kansu, amma tsofaffin na taga masu makunnin murɗawa ba duka suke da wannan kariya ba, sai mai gida ya jira da kansa. Esi wadda ba inbata ba, wato wadda kwamfiresarta ba ta rage gudu sai dai ta tashi ko ta tsaya, tana jan wuta ninki da yawa a daƙiƙar tashi, shi ya sa janaretan da yake iya riƙe ta tana gudu ba lallai ne ya iya tayar da ita lafiya ba.

Akwai haɗarin da ya fi lalacewar na'ura muni, wato gobara. Bayan esi ta yi awa guda tana aiki, a taɓa jikin makunninta na bango da filogi. Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne, amma zafi, ko launin ruwan ƙasa a gefen soket, ko warin ƙonanniyar roba, suna nufin waya ta yi siriri ko haɗin ya sassauta. Ya kamata esi ta sami layinta daga akwatin rarraba wuta da birekarta ita kaɗai, da waya mai kaurin da bai gaza murabba'in milimita 2.5 ba ga ƙananan na'urori, kuma kada a jona ta a doguwar soket ɗin da ake cajin waya.

Mitar wuta tana iya nuna cewa akwai matsala?

Tana iya, musamman ga mai mitar kati. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi wadda ba inbata ba takan ci yunit ɗaya da ɗan ɗoriya a kowace awa da kwamfiresa take gudu, amma idan ɗaki ya yi sanyi ya kamata ta dinga hutawa. Idan yunit ya fara ƙarewa da wuri alhali ba a ƙara kaya ba, a saurari injin waje da dare. In ba ya hutawa ko kaɗan, mai yiwuwa ƙura ta toshe fallayensa, ko gas ya ragu, ko sanyi yana tserewa ta ƙarƙashin ƙofa da silin.

Wari fa?

Warin rima ko na jiƙaƙƙen tsumma yana nufin fumfuna ta kama kwayil da doguwar fankar da ke cikin bakin na'urar. A kashe ta, a haska tocila cikin bakin, idan aka ga baƙaƙen ɗigo a jikin fankar to wanke raga kaɗai ba zai isa ba, sai an yi mata cikakken wanki, musamman in akwai mai asma ko jariri a ɗakin. Warin mushe yana nufin tsaka ko ɓera ya mutu a ciki.

Warin hayaƙin janareta kuwa ba a wasa da shi. Esi mai kai biyu ba ta shigo da sabuwar iska daga waje, iskar ɗakin take juyawa, don haka duk hayaƙin da ya shigo rufaffen ɗaki ta taga ko ta ramin bututu yana nan a ciki. Gubar da ke cikin hayaƙin, wadda take kashe mutane cikin barci, ita kanta ba ta da wari ko launi. A ajiye janareta a fili, nesa da tagogin ɗakunan kwana, a kuma toshe ramin da bututu ya ratsa bango.

Waɗanne kurakurai ne ake yi tun ranar kafawa, waɗanda sai daga baya suke bayyana?

Mafi girmansu shi ne rashin zuƙe iskar da ke cikin bututu kafin a saki gas. Aikin yana buƙatar ɗan injin da masu gyara suke kira bakyum, amma da yawa sukan tsallake shi, su ɗan saki gas ya huro iskar waje su ce ya wadatar. Iska da danshin da suka rage a ciki suna ƙara matsi, suna gurɓata man kwamfiresa, kuma illarsu ba ta fitowa sai bayan an daɗe da sallamar mai kafawa. Na biyu shi ne bututun da ba jan ƙarfe na gaske ba, alminiyum ne aka yi wa rufi, wanda yake saurin tsagewa a wurin haɗi. Na uku shi ne barin bututu tsirara ko da yagaggen soso, rana tana dukansa, sanyin da aka biya kuɗinsa yana zubewa a hanya.

Wurin da aka ajiye injin waje ma yana da tasiri. Idan an matse shi a lungu, ko an kewaye shi da kejin ƙarfe mai ƙananan ramuka saboda tsoron ɓarayi, ko yana fuskantar bango kusa-kusa, zafin da ya fitar shi zai sake shaƙa. Irin wannan na'ura takan yi sanyi da safe da dare, amma ta dinga yankewa tsakanin azahar da la'asar. Sai kuma girman na'ura: mai doki ɗaya tana ba da kimanin BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne), mai doki ɗaya da rabi 12,000, mai doki biyu 18,000. Ƙaramar na'ura a babban falo mai rufin kwano ba za ta taɓa hutawa ba, wadda ta fi ƙarfin ɗaki kuma takan yi ta tashi tana tsayawa, wanda shi ma yana gajiyar da kwamfiresa.

Me zan duba idan zan sayi esi ta hannu?

A fara da karanta takardar da ke manne a gefen injin waje. A nan aka rubuta ƙarfin wutar da take buƙata, da irin gas ɗinta, da nauyinsa. Na'urar da aka ƙera don Amurka ko Japan tana iya kasancewa ta wata wuta daban da tamu. A wasu kuma ana rubuta ajin yanayi: T1 an tsara ta ne don zafin da bai wuce digiri 43 ba, T3 kuwa tana jure har digiri 52, kuma ga mazaunin arewa wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Sannan a nemi a haɗa ta a kunna na aƙalla rabin awa, a auna sanyinta, mai gyaran da mai saye ya zo da shi ya auna amfiyar da take ja ya kwatanta da abin da ke rubuce. Sabon fenti a kan tsohon inji, da tabon walda a bututun kwamfiresa, da fallayen alminiyum da suke marmashewa idan an taɓa, duk dalilai ne na sake tunani.

Ana iya zuba kowane irin gas?

A'a. Tsofaffin na'urori suna amfani da R22, wanda ake janyewa daga duniya sannu a hankali a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Sababbi suna amfani da R410A ko R32, waɗanda matsinsu ya fi na R22 yawa, man kwamfiresarsu ma daban ne, kuma R32 yana iya kama wuta in ya sami dalili. Gauraya su ko musanya ɗaya da wani yana lalata na'ura. Mai gida yana da haƙƙin ya ga rubutun jikin tukunyar da za a zuba masa, ya kwatanta da na jikin injinsa, kuma zubawa mafi inganci ita ce wadda aka auna da sikeli.

Esi mai inbata tana nuna wasu haruffa da lambobi. Me suke nufi?

Ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ɗauki hotonsu kafin a kashe na'urar, a duba littafin da ya zo da ita. Mai inbata tana da fanel na lantarki a injin waje wanda hawa da saukar wuta suke yi wa illa, kuma tsaka da ƙananan ƙadangaru suna son ɗuminsa, sukan kwanta a kai su haɗa wuta su ƙone shi. Ya kamata a sani kuma cewa ita ba ta cika tsayawa cak ba, rage gudu take yi, don haka jin injinta yana aiki a hankali na tsawon lokaci ba alamar lalacewa ba ce.

Me zan iya yi da hannuna, me kuma zan bar wa mai gyara?

Mai gida yana iya ciro ragar tace ƙura ya wanke ta da ruwa duk mako biyu, ko duk mako a lokacin ƙurar hunturu, ya shanya ta a inuwa ta bushe kafin ya mayar. Yana iya share ganye da leda daga bayan injin waje, ya duba bakin tiyo, ya duba soson bututu da tabon maiƙo. Duk abin da ya shafi buɗe murfin lantarki, ko gas, ko sauya wa na'ura wuri, aikin mai gyara ne, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe makunni, gas kuma yana ƙona fata da tsananin sanyinsa.

Lokacin da ya fi dacewa a kira shi shi ne ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, bayan ƙura ta gama cika injin waje kuma kafin zafi ya kankama masu gyara su yi wuyar samu. Idan ya zo, a tsaya tare da shi, a nemi ya nuna inda gas ya fita kafin ya ƙara wani, ya faɗi bolt da amfiyar da ya auna a rubuta su tare da kwanan wata, kuma duk abin da ya canza ya bar tsohon a gida.